Abin da Ban Faɗa wa Ƙanwar Maigida Ba

Shekara goma sha shida motar nan ta yi a gidanmu ban taɓa riƙe sitiyarinta ba. Maigida ya saye ta na-hannu a filin da ake sauke motocin Turai kusa da tashar jirgin ruwa, ruwan toka mai ƙofa huɗu, ina goyon 'yarmu ta biyu. Shi ke tuƙi, ni ke kula da ita. Ni na ɗinka wa kujerun riga da ragowar atamfa, ni ke goge kokon da yara suka zubar. Da ta tsufa ta soma shan ruwa, kullum bayan sallar asuba nakan ɗaga bonet in zuba buta ɗaya a lagireto kafin in ɗora tukunya. Lokacin shi yana masallaci, bai ma san ana yi ba.

Sau uku na roƙe shi ya bar ni in koyi tuƙi. Amsarsa ɗaya ce: "Ina za ki da ba na kai ki?"

Bara aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi tuƙi wata biyu. Yana da ƙanwa mai sayar da mayafai a kasuwar Adawlato, ta daɗe da yin permi, wato lasisin tuƙi, ko da ba ta da mota. A gabana ya miƙa mata makulli, ya ce ta riƙa kwana da motar a gidanta.

Ta kaɗa makullin a fuskata. "Matarmu, yau ni ce direbanki. Baya za ki zauna ko in buɗe miki but?"

Na yi dariya, don wasa ne irin namu, amma abin ya ci mini rai. Ta jawo kujera gaba, ta karkata madubi, ta rataya carbinta. Da muka je suna unguwar Hédzranawoé mata suka fito kallon yadda take ja da baya da hannu ɗaya, wata har tana cewa, "Kai, gidan Alhaji an yi mace." Ni kuwa ina baya da kwanon cincin a cinya. Na yi ta istigfari har muka dawo, zuciyata ba ta sauka ba.

Da za ta tafi ta leƙo ta taga. "Akwai wani halin motar da ya kamata in sani?"

Na gaya mata ƙofar baya ta hagu sai daga waje take buɗuwa. Maganar ruwa tana bakina na haɗiye. Na ce a raina, tunda direba ce ai ta sani.

Kwana na shida ta ɗauki maigida zuwa wajen likita. Bayan azahar sai ga shi a kan zemijan, babur ɗin haya, bandeji a ido, cikin zafin ranar da aka ce ya guje mata. Motar ta yi tururi a tsakiyar titi ta mutu. Can ƙanwar ma ta shigo, mayafi a karkace, ta durƙusa gabansa tana kuka.

"Yaya, ka yafe mini. Shekarunka da ita lafiya, ni kwana shida na kashe maka ita."

Kukan nan ne na kasa ɗauka. Na ce ba laifinta ba ne, na faɗi komai, har tambayar da ta yi mini ta taga.

Maigida ya juyo da idonsa ɗaya. "Kullum ake zubawa? Tun yaushe?"

"Shekara biyar, Alhaji."

"Me ya sa kika yi shiru?"

"Don ita ka ba makulli."

Kwana biyu bai ci abincina da daɗi ba. Idon dai Allah ya tsare, injin ma makanike ya ce saura kaɗan ya ƙone amma zai tashi. Ƙanwar tasa ta fi ni kyan zuciya. Ranar da motar ta fito daga gareji ta ce masa, "Yaya, wadda ta san ƙishirwar mota ita ya kamata ta tuƙa. Bar mini matarmu duk Lahadi in koya mata."

Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce, "Banda babban titi."

Yanzu wata bakwai ke nan muna zuwa wani fili bayan unguwa. Har yau idan na saki kuloci motar sai ta yi tsalle, ita kuma ta ce, "A hankali matarmu, ba turmi ba ne." Ina kai kaina unguwar Kodjoviakopé gaida ƙanwata in dawo, ƙanwar maigida a gefena. Amma idan wuri ya matse sai in sauka in ba ƙanwar maigida, in tsaya gefe ina kallon hannun nan ɗaya a kan sitiyari, ina roƙon Allah ya cire mini abin da nake ji.