Almon Biyu Zuwa Bowie

Muna sallame sallar asuba muka tashi daga Bowie, ranar Asabar ɗin da ta wuce, ni da babban ɗana, shi ke tuƙi. Sanyin ƙarshen Maris bai gama sakin gari ba, don haka na ɗora rigar sanyin marigayi Alhaji a kan atamfata, na rungume fulas ɗin kunun gyaɗa da kwanon ƙosai. Za mu je gonar da ake sayar da dashe ne, can gaba da Germantown, mu sayo abin da za a jera a ƙofar gidana.

Kada ku ɗauka sha'awar furanni ce ta kama ni da tsufa. Tun da Alhaji ya rasu ni kaɗai nake zaune a gidan. Lokacin ƙanƙarar bana na zame a matakala, na ɗan kwana biyu ina ɗingishi, shi ke nan ɗan nawa da ƙanwarsa suka yi taronsu ta waya, ba da ni ba, suka yanke a sayar da gidan in koma wurinta a Germantown. Har dillaliya sun kawo. Ta zagaya gidan tana taɓe baki, ta ce ƙofar ta yi fayau, a dasa wani gajeren itace da suke kira dogwud, hoton zai fi jan masu saye. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Na ce dai a tafi da ni.

Babbar hanyar Beltway ko a Asabar ba ta rabo da motoci, kowa na gudu kamar ya bar tukunya a wuta. Na bi hanyar nan shekara da shekaru lokacin da nake aikin jinya a Washington, amma yaron sai karanta mini alamun hanya yake yi. Na ƙyale shi, na miƙa masa ƙosai. Da muka hau hanya mai lamba 270 itatuwan gefen titi duk sun ɗauki fure, fari da ruwan hoda, gwanin kyau, ba ko ɗaya mai ɗan da za a ci. A gidanmu na Katsina itace sai ya biya kuɗin zamansa: ko inuwa, ko 'ya'ya, ko magani.

A Germantown muka tsaya ɗaukar 'yar tawa, ta matsa sai na hau na ga ɗakin da ta gyara mini. Sabon labule, sabuwar darduma, da wata baranda da kujera ɗaya ke cika ta. Na san da ƙauna aka gyara shi, na kuma sa mata albarka. Amma da na leƙa ƙasa na ga babu ko taki ɗaya na ƙasar da zan ce tawa ce, sai na ce mu tafi kada rana ta yi.

Gonar tana kan wani tudu, iska na kaɗawa. Wata dattijuwar Baturiya mai takalmin roba duk taɓo ta kai mu wurin dogwud ɗin. In faɗi gaskiya, ya burge ni. Babu ganye tukuna, sai tsinkayen rassa jajaye kamar an tsoma tsintsiya a lalle. Ta ce ba shi da rigima: yana son ƙasa mai danshi, yana haƙuri da inuwa, sanyi ba ya yi masa komai. In bazararsu ta zo ya yi farin fure, daga baya ya yi ƙananan 'ya'ya na tsuntsaye. Aikinsa kawai a sare tsofaffin rassa a ƙarshen sanyi, don sababbin su ne jajaye. Ɗana ya tambayi kuɗi, aka faɗa, dashen tukunya ɗaya ya kai cefanen kwana biyu. 'Yata ta ce, "Mama, kin ga wannan ko ba kowa a gidan zai rayu."

Wannan maganar ce ta sa na juya na bar su a tsaye. A can ƙarshen layi na tarar da wasu siraran dashe da suka ɗan fi ni tsawo, kowane da 'yan furanni. Baturiyar ta biyo ni ta ce almon ne, itacen da ke yin ƙwaya mai kama da gyaɗa da ake ci, kuma ba ta ɓoye mini komai ba. Itacen ƙasa mai rana da bushewa ne. Ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, ga ƙasar Maryland da laka, ga damshin iska da ke sa masa ciwon ganye. Yana gaggawar yin fure, sai sanyi ya dawo dare ɗaya ya ƙone furen, shekarar ta tafi a banza, sai in akwai mai fitowa ya lulluɓe shi. In ya tsira, kurege na jira. Kuma sai ya shekara uku ko huɗu kafin a ga ɗansa na fari.

Na ce, "Shi nake so."

Ɗana ya matso ya rage murya. "Hajiya, ba ki ji abin da ta ce ba? Wa zai zauna yana lulluɓe itace har shekara huɗu?"

"Na ji sarai. Turancina ya girme ka."

Baturiyar ta ƙara da cewa wannan irin ba ya haihuwa shi kaɗai, sai da wani iri a kusa, ƙudan zuma su riƙa kai kawo a tsakaninsu. Yaron ya samu abin kamawa. "To kin ji, Hajiya. Ko itace ba ya son zaman kaɗaici."

Maganar ta soke ni, don gaskiya ce, kuma ba wanda ya kai ni sanin yadda gidan ke yin shiru bayan magariba. Na gyara rigar Alhaji a kafaɗata, na buɗe jakata na zaro katina, na ce wa matar, "A ba ni biyu."

Da ƙyar dashen biyu suka shiga motar, rassan sun ratso har tsakanin kujeru. A hanyar dawowa ba wanda ya taɓa sauran kunun. 'Yata ba ta sauka a Germantown ba. Sai da muka kusa Bowie ta ture wani reshe daga fuskarta ta ce, "Mama, in kika sake faɗuwa fa?" Na ce a sa mini ƙarfen dafawa a matakala, a kawo abin nan na rataya wuya da ake dannawa a kira taimako, wanda na ƙi a da, zan rataya. Ranar da na kasa ɗaukar bokiti zuwa gindin itacen nan, ni da bakina zan kira su su mayar da ni Germantown. Amma ba za a tattara ni da sauran ƙarfina ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, dogwud itacen kirki ne, kuma duk mai shirin barin gida shi ya kamata ya dasa. Ni ba na shirin barin gida.

Da muka isa na nuna bayan gida, jikin bangon da rana ta fi daɗewa a kai, inda Alhaji ke ajiye kujerarsa da la'asar. Ɗana ya tsaya yana kallon wurin, ya daɗe. Wayarsa ta yi ƙara, na hango sunan dillaliya. Ya mayar da ita aljihu, ya naɗe hannun rigarsa, ya ce, "Hajiya, ina shebur ɗin Baba?"