Hudar da Sajan Balarabe Ya Tsuke

Duk Kurmin Mashi an san Sajan Balarabe da rashin zama wuri ɗaya. Tun da ya ajiye kaki, shekara tara ke nan, zai buɗe 'yar rumfarsa ta gyaran keken ɗinki, ya kwance kan keke, ya miƙe ya zaga layin, ya dawo ya ɗaure, ya sake fita. Matarsa Kande takan ce ko daga masallaci shi ne na farkon neman takalmi.

Shekara ashirin da shida ya yi a ma'ajiyar makaman soja yana gyaran bindigogi. Yakan ce wa sababbin shiga, bindigar zamani da hayaƙinta take aiki. Akwai 'yar huda a jikin bututunta, ta nan hayaƙin harbi ke komawa baya ya fitar da kwanso, ya ɗora wani harsashin. In hudar na da faɗi, bindiga za ta tashi ko da ta sha yashi, amma za ta riƙa shurin kafaɗa, ƙarafanta su cinye juna da wuri. In tsukakkiya ce, harbi zai yi laushi, saiti ya zauna, sai dai datti kaɗan ya isa ya tsayar da ita.

Wata shekara ana shirin gasar harbi, Kofur Ismail, gwanin saitin bataliyarsu, ya same shi.

"Oga, shurinta yana ɓata min harbi na biyu. Ka taimaka."

Balarabe ya sauya masa ƙarfen hudar da wani mai ƙaramar ƙofa, da niyyar mayarwa bayan gasa. Ismail ya ci kofi. Balarabe ya tafi hutu Katsina, ya manta. Kafin ya dawo an kwashe bataliyar cikin gaggawa zuwa arewa maso gabas. A can bindigar ta cije a harbi na huɗu, Ismail ya dawo gida Unguwar Shanu da ƙafa ɗaya. Masu bincike suka ce yashi ne, ba wanda ya kira sunan Balarabe. Shi kuwa ya sani. Sau da yawa yakan taka har bakin layin su Ismail, ya tsaya, ya juya.

Bara, wata Talata da azahar, wata matashiya ta yi sallama a rumfarsa. Ta ce sunanta Hajara, injiniya ce a wani kamfani da ke zana sabuwar bindiga, tsofaffin sojoji suka turo ta. Ta zaro mariƙi biyu daga jaka, wato abin da ke rufe bututu inda hannun hagu ke kamawa. Ɗaya dogo ne na alminiyam, mai ramuka, ba ya taɓa bututun, don haka riƙo ba ya karkatar da saiti. Ɗayan gajere ne na roba mai kauri, da farantin ƙarfe a ciki mai tare zafi.

"Baba, wanne za ku zaɓa?"

Balarabe ya karɓe su. Ya ɗora su kan kwanon rumfa, ya yi ta kai da komo har kusan rabin awa, sannan ya sauko da su.

"Riƙe wannan, 'yata."

Ta kama na alminiyam, ta sake shi ya faɗi ƙasa tana yarfe hannu.

"Rana ce kawai, ko harsashi ɗaya ba a harba ba," in ji shi. "Amma na robar ma yana danne bututu, kuma ba wurin ɗaura fitila. Ita hudar hayaƙin fa, yaya kuka yi da ita?"

"Mun tsuke ta kaɗan. A gwaji ta fi daɗin harbi."

Balarabe ya murza tsumman mai a hannunsa. Can ya ja ƙyauren rumfa ya rufe.

"Ba ni ya kamata ki tambaya ba. Tashi mu je."

Suka hau keke napep zuwa Unguwar Shanu. Wannan karon bai juya ba. Suka tarar da Ismail a shagonsa na gyaran wayoyi, sandunansa jingine da bango. Ko zama Balarabe bai yi ba, ya faɗi maganar da ya riƙe shekara goma sha ɗaya.

Ismail ya dube shi.

"Oga, ai tun a can na sani. Ni na roƙe ka, kuma ni ma ban tuna ba sai da ta tsaya. Na yi fushi da kai shekara biyu, na yi da kaina uku. Zauna mana."

Hajara ta shimfiɗa wa Ismail tambayarta. Ya ce a buɗe hudar, kafaɗa tana warkewa. Amma da ya ɗaga mariƙan, sai ya zaɓi dogon.

"Zai ƙona ka!" in ji Balarabe, ya miƙe tsaye.

"Sai in naɗa ƙyalle. Kai ka taɓa rarrafe da gajere, hannunka ya zame kan bututu mai zafi?"

Suka yi ta musu har la'asar, masu karɓar waya suna jira, Hajara tana rubutu da sauri.

Bayan wata biyar ta kira Balarabe. Sun faɗaɗa hudar, sun ɗauki dogon mariƙi, sun lulluɓe tsakiyarsa da roba. Bindigar ta ƙara nauyi, masu gwaji suna ƙorafi.

Ya yi mata godiya, ya kashe waya. Kafin magariba ya cika shafi huɗu da abubuwan da bai yarda da su ba, ya naɗe takardar, ya nufi Unguwar Shanu don Ismail ya sa hannu. Ismail ya karanta, ya soke shafi biyu.