Gangar Hajiya Rabi ta Belleville

Na manta da ayyuka da yawa da suka bi ta hannuna, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka tura mu unguwar Belleville ta Treichville gyaran gangar bandar Hajiya Rabi ba. A farkon shekarun tamanin ne, ina aikin walda a wani atiliye, wato shagon aikin ƙarfe, a unguwar Adjamé ta Abidjan. Tsarinmu a lokacin, akwai masu koyo, akwai ma'aikata irina, sai shaf, wanda ke raba aiki yana kuma magana da masu kawo shi. Shaf ɗinmu ya koma Maraɗi, kowa kuma ya san maigidanmu, Malam Bawa, yana duba wanda zai ɗora. Ni ne na fi kowa daɗewa. Bayana sai Lawali, haifaffen Abidjan, bakinsa ya fi hannunsa sauri, Faransanci da Jula duk yana zuba su.

Gangar ni na ƙera ta. Ganga ce ta ƙarfe da aka kwantar, gawayi a ƙasa, waya a sama. Tana da kafofin iska a gindi, kowace da ɗan faifan ƙarfe da ake ja a rufe ko a buɗe. Da su ake mulkin wuta. In sun rufu da kyau, gawayi yana ci a hankali, hayaƙi ya ratsa nama. In iska na satar hanya, wuta ta tashi, kaza ta ƙone a waje cikinta da jini.

Abin da ya sami Hajiya ke nan. Tana kai kajin banda wani kantin abinci na ma'aikatan tashar jirgin ruwa, an dawo mata da kaya, an ce in ya sake faruwa za su nemi wani. Malam Bawa ya ce in je, sannan ya ƙara da cewa, "Ka tafi da Lawali." Har muka haye gada a mota ban dubi Lawali ba.

Da muka isa na kama aiki yadda aka saba. Na hura gawayi kaɗan, na zuba jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa don hayaƙi ya yi kauri, na rufe ko'ina. Duk inda hayaƙi ya leƙo sai in zagaye da alli. Faya-fayan kafofin duk sun lanƙwashe, suna tsaye nesa da jikin ganga har yatsa na shiga. Na kwance su, na daddale a kan maƙera, na kankare tsatsa, na mayar na ɗaure da sababbin notuna. Na sake gwadawa, hayaƙi bai fita ba sai ta bututun sama.

Duk wannan lokaci Lawali yana zaune a benci kusa da Hajiya, yana taya ta figar kaji suna hira. Ina jin dariyarsu, gumi na zuba mini a ido.

Na ce, "Hajiya, an gama."

Lawali ya ce, "Yaya Sani, da saura. Hajiya, gaya masa abin da kika gaya mini."

Ta ce, "Me fa? Cewa na yi ni ba na kwana da datti. Ina sauke kaji nake sheƙa mata ruwa in wanke."

"Da zafinta?" na tambaya.

"Da zafinta mana, ɗana. Lokacin maiƙo ke fita."

Na tsaya da guduma a hannu. Ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi, shi ne ke murɗe faya-fayan. Da mun tafi haka, kafin wata ya ƙare sun sake lanƙwashewa. Gaskiyar Lawali ce, kuma da a ce ƙarya ya yi da ya fi mini sauƙi. Shi ya lallashe ta ta riƙa bari ganga ta huce, ya nuna mata yadda za ta goge da toka. Ni na tattara kayan aiki.

Kajinta suka karɓu, ba ta rasa kantin ba. Ranar Juma'a ta aiko da kaza biyu atiliye, ɗan aiken ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ina Lawali, wanda ya gyara wa Hajiya ganga?" Lawali ya nuna ni ya ce, "Ga wanda ya gyara." Ba wanda ya saurare shi. An miƙo mini cinya, na ci. Ta yi laushi har ƙashi, hayaƙi ya shige ta daidai, ni kuwa na tashi na koma bakin aiki.

Bayan Sallah Malam Bawa ya ba Lawali shaf. Ya kira ni gefe ya ce, "Sani, hannunka ya fi nasa, kowa ya sani. Amma kai ƙarfe kake tambaya, shi yana tambayar mai ƙarfen." Na ce Allah ya taya shi riƙo. Na faɗa da baki, zuciyata ta daɗe ba ta bi ba. Mata masu banda daga Treichville suka riƙa zuwa suna cewa a yi musu "irin ta Lawali", ni ke yankawa, ni ke waldawa. Lawali bai taɓa ɗaga mini murya ba, wannan ma yana ba ni haushi.

Ku da kuke koyo yanzu, abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, kaya ba sa lalacewa su kaɗai, akwai hannun da ke taɓa su kullum, kuma sai ka zauna da mai hannun za ka ji. Tun daga lokacin ban ƙara kwance noti ba sai na tambayi mai kaya yadda yake aiki da shi. A wurin Lawali na koya, kuma har ya rasu ban iya buɗe baki na gaya masa ba.