Abin da Baban Ummi Ya Bari a Ƙarƙashin Gado

Da wannan wata na Rajab, shekara bakwai ke nan da muka rasa Baban Ummi. Sunansa Malam Isa bakanike, amma ban taɓa kiran sunan a gabansa ba, yau ma don jarida ce na rubuta. Duk shekara idan watan ya kama nakan yi masa sadaka in ja bakina. Bana na ce bari in yi magana, domin Allah Ya sauke mini nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. Kuma da hannuna nake wannan rubutu, ni da ranar da ya bar duniya ko sunana ban iya rubutawa ba.

Ya haura shekara ashirin yana aiki a wata warsha, wato garejin gyaran motoci, a Birnin Masana'antu na Biyu, nan kudancin Riyad. Kafilinsa, mai gidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani dattijo ne, Abu Fahad, mai son tara tsofaffin motoci. Wata shekara aka kawo masa wata daga Amurka, 'yar ƙarama, kujera biyu, ba rufi, tayoyinta a waje ba madigadi. Da Baban Ummi ya nuna mini hotonta a waya na tambaye shi wa zai shiga motar da ba rufi a ranar Riyad. Ya yi dariya ya ce ai ba don zuwa cefane aka yi ta ba. Ya ce tun kafin yaƙin duniya na biyu samarin can sukan sayi tsohuwar mota da araha, su cire mata duk abin da ke da nauyi, su ƙara wa injin ƙarfi, su tafi busasshen tafki su yi tsere. Irinta suke kira hot rod. Shi kuma yana zargin wannan tana cikin na farko-farko.

Abu Fahad so yake ta yi ƙyalli, a sa mata sabon komai. Baban Ummi kuwa so yake ya san ko ita wace ce. Duk Juma'a bayan an ci abincin rana sai ya ɗauko wani littafi mai koren bango ya yi ta rubutu, ni ina ninkin kaya ina kallonsa.

Wata rana ya shigo da kaya naɗe a bargo: murfin inji gida biyu, da wani tsohon sitiyari, da farantin da ake jera agogunan mota. Ya tura su ƙarƙashin gado ya ce kada yara su taɓa. Ban tambaya ba, ba halina ba ne. Wata huɗu bayan nan zuciyarsa ta buga a warsha, kafin azahar.

A zaman makoki ne matar wani abokin aikinsa ta ce, ba da wata manufa ba, an ce tsofaffin kayan motar nan sun yi ƙafa, kuma ko kwanan baya an mayar da wani gida daga warshar maƙwabta saboda irin haka. Ni kaɗai a ɗakin na san inda kayan suke.

Daga ranar na rasa sukuni. In na mayar, za a ce Malam Isa ɓarawo ne, ga ɗanmu Nura da igamarsa, takardar zamansa a ƙasar, ke hannun gidan Abu Fahad, ni ma a ƙarƙashinsa nake zaune. In na ajiye, to mijina yana kwance a kabari da haƙƙin wani a wuyansa. Na san amsar tana cikin koren littafin nan. Ummi da Nura a nan suka tashi, Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, amma da sun dage za su karanta. Sai dai ban yarda su ne za su fara ganin laifin ubansu ba, in akwai shi. Na ɓoye littafin cikin zannuwana.

Akwai wata baiwar Allah 'yar Maraɗi, Malama Zulai, da ke koya wa matan unguwarmu karatun boko a falonta sau biyu a mako. Na je na zauna. Matan suka sa ni gaba. Wata ta ce, “Maman Ummi, da wannan furfurar, wasiƙar wa za ki karanta?” Na ce ta mijina. Aka yi ta dariya, har da ni.

Shekara biyu na yi kafin in iya buɗe littafin da kaina, ga rubutun nasa kamar kaza ta yi tono. Kuma ban tsallake shafi ba, tsoro ya hana ni leƙa ƙarshe. Wani shafin sai in yi mako a kansa. A haka na bi motar nan baya-baya kamar yadda ya bi ta. Ya kankare shuɗin fenti ya tarar da ja, ƙarƙashin jan ya tarar da baƙi, da lamba arba'in da shida a jikin ƙofa, an rubuta da buroshi. Cikin ƙarfen ƙasan motar ya zazzago wata farar laka busasshiya, ya rubuta cewa ba ƙasar nan ba ce. Murfin injin kuma yana da tsaguna na shan iska da aka huda da hannu, hagu ashirin da ɗaya, dama ashirin. Ya rubuta, “Yaron ya yi kuskuren ƙirga, ko kuwa an kira shi cin abinci.” A nan na yi dariya ni kaɗai, na ji kamar yana ɗakin.

Ashe ya sa Nura ya riƙa nemo masa tsofaffin hotunan tsere a kwamfuta, har suka dace da na wani saurayi tsaye a farar ƙasa kusa da mota mai wannan lamba. Ya ƙirga tsagunan ɓangaren da ya fito a hoton, ashirin. Daga sunan da ke ƙasan hoton ya gano saurayin ya tafi yaƙi ya dawo, ya sayar wa wani mai aski, shi kuma ya kulle ta a rumfa har ya tsufa.

Saura shafi uku littafin ya ƙare na iso wurin. Da hantsi ne, na gama shara. Ga abin da ya rubuta: “Yau mai gida ya ce in zubar da tsofaffin kayan. Na ce ya ba ni. Ya ce ɗauka, naka ne, halal. Zan ajiye wa motar har ranar da za a nema.”

Na maimaita sau uku ina bi da yatsa, don kada son zuciyata ne ke karanta mini. Sannan na yi sujada a nan gaban gadon.

A lokacin Abu Fahad shi ma ya rasu, motar tana hannun ɗansa Fahad. Nura ya kai masa kayan. Ashe wani masani da ya zo daga waje ya riga ya gaya masa cewa da sabon murfi ba mai iya shaida motar. Nura ya ce durƙusawa Fahad ya yi yana ƙirga tsagunan da yatsa, sannan ya ce ya tuna mahaifinsa yana ba da labarin Isa mai roƙon gwangwan. Sau uku na je gidansu a unguwar Ulaya, ni da matarsa a zaune, shi daga bakin ƙofa, ina karanta littafin, Ummi tana juya masa da Larabci.

Nakan tambayi kaina me Baban Ummi zai ce da ya ga yau. Mata suna tuƙi a Riyad, kuma Ummi ce ta tuƙa ni na je na ga motar. Na san ba zai hana ta ba, sai dai ba za ta tayar ba sai ya duba mata mai da ruwa. Motar kuwa an mayar mata da tsohon murfinta, ba a sake masa fenti ba. A jikin bango Fahad ya rataye tarihinta, daga saurayin nan zuwa mai aski, a ƙarshe ga sunan wanda ya bi sawunta. Ina jin da ya gani kunya za ta kama shi, ya ce shi kankarar fenti kawai ya yi.

Bai bar mana gida ba, bai bar gona ba. Ya bar suna mai tsabta, wanda ni da na fi kowa saninsa na yi shekaru ina shakka a kai, Allah Ya yafe mini. Ya kuma bar mini karatu, ba tare da ya san ya bari ba. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka makwancinsa, da shi da Abu Fahad.

Yanzu idan na zura tsintsiya ƙarƙashin gado, har bango take kaiwa.