Ranar da Argiris Ya Zama Baƙo a Garinsu

Duk wanda igiyar takalminsa ta taɓa tsinkewa a unguwar Psiri ta birnin Atina ya san Argiris. Baduku ne ɗan baduku, yana zaune a ɗan shagon da ya gada, mai warin fata da gam, wanda in ka tsaya a ƙofarsa za ka hango dutsen Akropolis ta saman rufin maƙwabta. Tun yana saurayi yake ɗinka wa masu yawon buɗe ido takalma, har ta kai in ya kalli ƙafar mutum zai faɗa maka ƙasarsu kafin mutumin ya buɗe baki. Gajere ne mai tumbi, ga gashin baki kamar tsintsiya, ga surutu kamar ya ci ƙafar kaza. Abu biyu ya ɗauka da girma a duniya, matarsa Froso da cikinsa, kuma ko shi ba zai rantse maka wanne ne a gaba ba.

To, sai likita ya ce suga ya yi masa yawa, jini ma ya hau. Froso ba ta yi wata-wata ba. Ta ɗaura ɗankwali ta bi unguwa shago-shago, ba wanda ya san abin da ta faɗa musu, amma daga ranar ko alewar yara Argiris ya nema sai a ce ta ƙare. A gida kuwa dafaffen ganye da lemon tsami, safe da yamma, har ya ce ya fara jin tausayin awaki.

Ya daure. Wallahi ya daure, mu shaida ne. Abin da ya karya shi labari ne da ya zo cewa tsohuwa Stamatiya za ta rufe shagonta ranar Asabar ta koma tsibirinsu, don hannuwanta sun gaji. Ita ce mai lukumades, ƙananan fanken nan da ake tsamowa daga mai da zafinsu a kwarara musu zuma a barbaɗa kirfa. Tun yana zuwa makaranta da gajeren wando yake cin na gidan su Stamatiya. Ya je ya roƙe ta, ta ce ya ɓace mata da gani. Ya dawo shago ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi, don in Asabar ta wuce bai ɗanɗana ba, shi ke nan har abada.

Yana cikin wannan jimami sai ga ayarin baƙi sun wuce, wata budurwa a gaba tana ɗaga 'yar tuta, kowa na taunar wani abu. Ya san irinsu sarai. Ana zagayawa da su gari a nuna musu tsofaffin duwatsu, a tsaya shago-shago a ba su ɗanɗano, kuma kullum a wajen Stamatiya suke ƙarewa. Argiris ya ajiye guduma a hankali. An hana a sayar wa Argiris, amma wa ya hana a ba baƙo?

In dai kwaikwayon baƙo ne, ai an zo gidansa. Ranar Asabar ya ce wa Froso zai je sayen fata. A bayan shago ya saka gajeren wando da riga mai hoton kifi, ya zura farar safa har ƙwauri sannan ya ɗora takalmi mai igiya a kai, abin da ya shekara arba'in yana yi wa mutane dariya a kansa. Ya kifa faffaɗar hula, ya toshe ido da baƙin tabarau, ya shafa farin man rana a hanci. Gashin bakin ne ya tsaya yana kallo a madubi, ya ɗauki almakashi, ya ajiye. Ko don fanke ba zai iya aske shi ba.

A dandalin Monastiraki ya biya kuɗinsa ya shiga ayari. Mai tutar, Danayi sunanta, ta tambayi kowa daga ina yake. Argiris ya riga ya shirya, ya zaɓi ƙasar da yake ganin ba mai jin yarenta. Ya ce Finlan. Ai kuwa wasu dogayen mata da miji suka yi tsalle don murna, suka rungume shi, suka shiga zuba masa yaren garinsu. Ashe 'yan can ne. Sai ya kama maƙogwaro ya hau tari, yana nuna musu da hannu cewa murya ta tafi. Matar ta tausaya masa ta miƙo masa alewar tari, ya karɓa da sauri, ya duba takardar: marar suga ce.

Haka aka fara yawo. Ga mutumin da bai taɓa yin shiru na minti ɗaya ba, yau dole ya haɗiye harshensa. Danayi ta nuna wani tsohon gini ta ce nan masana suke taruwa a zamanin da, shi kuwa ya san nan ne dai ya fasa goshi wajen ƙwallo. Ta nuna wani lungu ta ce babu kamarsa a Atina wajen kyau, lungun da surukinsa yake ajiye babur. Abin mamaki, da ya ɗaga kai ya kalla yadda baƙin suke kalla, sai ya ga lallai akwai kyau, da furanni a tagogi da kyanwa kwance a kan matakala. Wani daɗi ya kama shi kamar yaron da ya gudo daga makaranta. Ya shiga ɗaga yatsa biyu ana ɗaukar hoto, yana tafiya yana rangaji. Da suka zo wucewa ta gaban ƙaramin coci hannunsa ya tashi da kansa zai yi alamar gicciye, sai ya waske ya mai da shi korar ƙuda.

Wajen ci ne aka samu matsala. A wajen mai burodin riɗi, tire na isowa gabansa sai ya ƙare. A kasuwa, Manolis mai cuku, abokinsa tun na yarinta, ya bi kowa da yanka a tsinin wuƙa, da ya zo kansa ya dube shi sama da ƙasa, ya daɗe a kan safar, sannan ya miƙo masa yankan kokwamba.

"Wannan baƙon da gani ba ya son gishiri," in ji Manolis, fuskarsa ba ko murmushi.

Mai zaitun ya ba shi ƙwara ɗaya bayan ya wanke ta da ruwa. Mai baklawa kuwa, wani kayan zaƙi mai kama da alkaki, da ya hango shi sai ya juya baya kafaɗunsa na girgiza. Argiris ya ce a ransa yau dai ba shi da sa'a, amma ko banza ba wanda ya gane shi. Bawan Allah! Bai san tun daga dandali waya take ta yawo a gabansa ba, kowa na ce wa na gaba ya fito ya ga ƙwaurin Argiris.

Rana ta take suka iso shagon Stamatiya. Tun daga bakin titi ƙamshin mai da zuma ya daki hancinsa. Tsohuwar tana tsaye gaban kasko, tana matso ƙullu ta tsakanin yatsu tana jefawa da cokali. Ta sallami baƙi ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kansa ba ta ko ɗaga kai ba. Ta cika faranti fiye da na kowa, ta ninka kirfa yadda yake so, ta tura masa.

"Ungo, ɗan Finlan. Ka biya kuɗinka, ba zan hana ka ba."

Ya cafke farantin da hannu biyu. Ya soka cokali mai yatsu, zuma na ɗiga.

"Amma ka sani, Argiris, matarka ba tsorata mu ta yi ba," ta ce tana juya na cikin kasko. "A kujerar nan ta zauna ta yi kuka. Ta ce in ka riga ta tafiya, da wa za ta riƙa faɗa? Na zuba mata faranti don ta huce, ta ture. Ta ce bakinta ba zai taɓa abin da aka hana naka ba. Ita da ta fi ka son zuma."

Argiris ya tsaya da cokali a sama. Sai yanzu ya tuna ganyen nan ba shi kaɗai yake ci ba, kwano biyu ake ajiyewa kullum, shi ne dai bai taɓa duba na gabanta ba saboda mita. Kunya ta rufe shi, da wani irin son matar nan da ya cika masa ƙirji har ya rasa inda zai sa kansa. Ya ajiye cokalin, ya buɗe baki da cikakken Girkanci ya ce a ba shi hanya, fanke ba ya jiran kowa. 'Yan Finlan suka saki baki, ga marar murya ya warke.

Ya fita da gudu, faranti a sama, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Manolis ya fito ƙofar shago yana tafi, masu shan gahawa suna yi masa kirari, shi kuwa sai haki yake yana cewa a kauce, da zafi.

Froso tana shanya a baranda ta hango shi. Ta kalli safar, ta kalli farin hancin, dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a kan kwandon wanki. Ya hau bene ya durƙusa a gabanta ya miƙa farantin, ya ce na ƙarshe ne, kuma ko lasa bai yi ba. Ta dubi gashin bakinsa da kyau ta ga babu zuma, sannan ta karɓa.

Ta ci tana lumshe ido, shi yana riƙe mata farantin yana haɗiyar yawu, yana ba ta labarin 'yan Finlan da kokwambar Manolis. Har aka zo kan na ƙarshe. Ta soke shi, ta juya shi cikin sauran zumar, ta ɗaga. Argiris ya matso, ya buɗe baki kaɗan. Ta daɗe tana kallonsa, idonta ya kawo ruwa, sannan ta jefa a bakinta.

"Ka yi haƙuri, tsohona," ta ce da cikakken baki. "Ina son in gan ka baɗi."