Awon Wando a Kan Matakala

Duk lokacin da dutsen guga mai zafi ya sauka a kan jiƙaƙƙen ƙyalle, tururi ya tashi da ɗan tsamin ruwan kal, sai in ji na koma ɗan shekara goma sha huɗu, tsaye a kan matakalar benenmu na unguwar Minguettes, a gefen birnin Lyon na Faransa. Zauna in ba ka labari, don ban taɓa shan kunya da daɗi a yini guda kamar ranar nan ba.

A can saman benen muke, ni da yayata da Inna da Baba, sai Kaka, mahaifiyar Baba. Jinyar gwiwa ta kawo ta daga Damagaram, jikoki suka riƙe ta. Ba ta jin Faransanci ko kaɗan, amma ita ke mulkin gidan, kuma dokarta guda ce: takalmi ba ya taka dardumar falo, don a nan ake salla. Wallahi ko Bature mai gyaran famfo sai ya tuɓe nasa a bakin ƙofa, ya shigo da safa yana sunne kai. Tana da wani tsohon gwangwanin biskit cike da allurai da zare da ɗan almakashi. Duk rigar da ta yage a gidan, hannunta take bi. Ni kuwa maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, ni ma in ce mata uwargida.

A ƙarshen sanyin shekarar aka zaɓe ni daga lakwal ɗinmu, wato makarantarmu, in je Paris gasar iya magana. Mushenmu, wato malaminmu, ya ja kunnena: farar riga, baƙin wando, takalmin fata. Riga akwai. Takalmi aka aro wurin ɗan abokin Baba. Wando ne babu, ni da ban san komai ba sai wandon ƙwallo. Sai Baba ya sauko da akwatinsa, ya zaro wandon da ya sa ranar da suka je ofishin magajin gari shi da Inna aka rubuta aurensu. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, yana ƙanshin turaren wuta. Matsalar ita ce Baba dogo ne kamar giginya, ni ko a lokacin ko kafaɗarsa ban kai ba.

Kaka ta tsayar da ni a tsakiyar darduma, ƙafa ba takalmi, ta auna. Ita wandon da ta sani shi ne na ƙarƙashin babbar riga, wanda ke tsayawa a idon sawu, ba ya sharar ƙazanta, ba ya jiƙewa wurin alwala. Haka ta kalmashe shi. Ta yi kwanaki a bakin taga tana ɗinki da hannu, tana ƙorafin ranar Lyon ba ta da ƙarfi. Da ta gama, Inna ta goge shi har kari ya fito kamar wuƙa. Na gwada a falo kowa ya yaba. Takalmin aro kuwa yana can bakin ƙofa cikin leda, ba wanda ya yi tunanin haɗa su.

Sai safiyar tafiya. Jirgin ƙasa bayan azahar zai tashi. Na shirya tsaf, na je bakin ƙofa na zura takalmi, na miƙe. Yayata ta dube ni daga sama har ƙasa, ta dafe ciki ta faɗi kan kujera.

"Wayyo Allah! Zalɓe a bakin tafki!"

Na duba ƙasa. Wando ya ɗangale, safa a fili, tsakanin bakinsa da takalmi sai ka zura hannu. Ka san yaran unguwa irin tamu, abin da ya fi wannan ƙanƙanta ma sai ya zama sunanka har ka yi gemu. Na hango kaina a gaban ’ya’yan manyan Paris, suna kallon ƙafata. Hawaye suka zo mini, na ce ba inda za ni.

"Kin yanke wandon Baba, kin gama da ni!" Haka na faɗa wa Kaka, ban ko kira ta uwargida ba.

Baba ya zauna a sanyaye, ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya." Na ga shi ma abin ya taɓa shi, ko don ni ko don wandon, Allah masani.

Kaka ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "To yau za a fafe shi. Maigida, matso nan. Wa ya ce maka na yanke?"

Ta kama ƙafar wandon ta juya cikinta waje. Ashe duk tsawon Baba yana nan! Ta ninke shi ne ciki, ninki a kan ninki, ta kwantar da shi lumui har ban ji shi a ƙafata ba. Ta ce, "Yaro gaba yake yi, ba baya ba. Almakashina zare kaɗai yake ci."

Saura awo, kuma wannan karon dole da takalmi. Na roƙe ta ta bar ni in taka darduma, yau kaɗai. Ina! Ta ce takalmin da ya bi titin da karnuka ke bi ba zai hau wurin sallarta ba ko Paris za ta tashi. Sai ta ɗauki gwangwaninta, ta dafa bango ta miƙe.

"In takalmi ba ya shiga, ni sai in fita."

Matar da gwiwa ta hana ta sauka ko kasuwa, ita ce ta fita ta zauna a kan matakalar siminti mai sanyi kamar ƙanƙara. Ta tsayar da ni a sama da ita, ƙafafuna daidai fuskarta. Fitilar matakalar irin mai mutuwa da kanta ce, sai aka sa yayata tsaron makunni, tana dannawa tana danne dariya. Kaka ta farke ɗinkinta na kwanaki ba ko tsaki, ta saki wandon har ya kwanta a kan takalmi, ta sa bayansa ya ɗan fi gaban sauka. Allurai na bakinta take magana: "Ashe wandon Nasara da takalminsa ake auna shi. Tsufa bai hana karatu."

Amma tsohon karin ya fito raɗau, layi a kewayen ƙafa kamar an ja da alli. Ana cikin haka maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Balarabiya, ta fito da kwandon shara. Ta tsaya ta duba, ta koma ciki, sai ga ta da kwalbar ruwan kal da farin ƙyalle. Ita da Kaka ba su da yare guda sai bismillah da alhamdulillah, amma da hannu suka gama magana: a jiƙa ƙyalle, a shimfiɗa a kan karin, a danna dutsen guga, kada a ja. Na tuɓe na ba su. Kaka ta ɗinke sabuwar kalmasa, allurarta tana ɗaukar zare ɗaya tak daga jikin yadin don kada ɗinki ya leƙo waje. Inna ta danna guga, tururi ya cika gidan. Da aka ɗaga ƙyalle, layin ya kwanta, sai wanda ya san wurin zai gane shi.

Da gudu ni da Baba muka kama metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka iske mushe yana ta duba agogo a tasha.

Washegari a Paris, da na shiga zauren gasar sai da na yi salati. Dandalin da za mu tsaya dogo ne, alƙalan gasar suna zaune a ƙasa, idonsu daidai idon sawun mai magana! Da na je da wandon jiya da safe, da shi za su saurara. Na hau, na saci kallon ƙafata, na ga wando ya kwanta a kan takalmi kamar tare aka haife su. Sai na ji ƙirjina ya buɗe. Na yi magana har na manta da ina da ƙafa. Na biyu na zo, ni ɗan Minguettes, aka tafa mini har kunnena ya yi zafi.

Da na kira gida, Kaka ta ƙwace wayar. Ba ta tambayi na nawa na zo ba.

"Maigida, wandon fa?"

"Bai motsa ba, uwargida."

Sai na ji guɗa ta cika wayar, har mushe ya waiwayo.

Daga nan duk shekara sai mun fita matakala ta sake mini ninki. Na ƙarshen ba ta gani ba, ta riga ta koma Damagaram, can Allah ya karɓi abarsa. Ni na farke zarenta da hannuna, wandon ya sauka har asalin kalmasar Baba, ya zauna mini daidai. Ranar na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Yanzu a Montreuil, gefen Paris, nake da iyalina. Masu gyaran tufa na nan, kafin ka rufe baki sun datse wando sun jefa guntun a shara, wasu ma manne shi suke da guga ba allura ba zare. Ban ga laifinsu ba, kowa sauri yake. Amma makon jiya ɗana ya zo mini da zancen bikin lakwal, wai baƙin wando ake so. Na sauko da akwati, na zaro wandon Baba. Yaron gajere ne kamar ubansa a da. Ya dubi tsawon wandon ya tambaye ni da Faransanci ko za mu yanke.

Na ce, "Sa takalminka, mu fita matakala."