Garin da Ke Maƙale a Injin Niƙa

Wata tsohuwa tana zaune a kan kututture a ƙofar ɗakin injin niƙa, da ƙaramin kwano a cinyarta, ta rufe shi da tsumma. Zanenta ya koɗe, silifarta ɗaya da waya aka ɗaure ta. Layi ya zo kanta tun ɗazu, amma duk wadda ta iso sai ta ce mata, "Wuce, 'yata, ba sauri nake ba."

Sai da na jima ina kallo na gane ba kara take yi musu ba. Jira take mai babban niƙa ta gama, ta bi bayanta. Masararta ba ta kai rabin kwanon ba, amma in mai inji ya bubbuga bakin injin da sanda, garin mutane da ya maƙale a ciki sai ya zubo mata. Ina jin jikoki ne ke jiranta a gida, kuma tuni ta rage duk abin da ke raguwa, sabulu, mai, har abincin rana.

Ga ta ta miƙe, tana dafa gwiwa. Injin ya haɗiye masarar kafin ta gyara tsayuwa.

"Ɗan nan, bubbuga mini."

Yana ta bubbugawa, amma ba abin da ya ƙaru a kan nata.

"Inna, kowa fa ya gane dabarar nan," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Wadda ta gabace ki ma sai da ta sa na kakkaɓe mata shi tas."

Ta daɗe tana duban kwanon. Sai ta sunkuya tana tattara garin da ya sauka a kan zanenta da gefen hannu, tana zubawa ciki a hankali, kada iska ita ma ta riga ta.